Baƙuwar Mesa Ta Ƙi Cin Abinci: Me Za A Yi?

Da yawa daga cikinmu, in muka ji an ce maciji, abin da za mu fara nema shi ne sanda. Ba laifinmu ba ne, gama kububuwa da kasa da gamsheƙa sun sa gidaje masu yawa kuka. Amma a Amurka da Ingila da Jamus akwai dubban mutane waɗanda suke kiwon wata irin mesa a cikin ɗaki, kamar yadda mu muke ajiye aku ko tantabara. Abin mamaki kuwa, wannan mesa ba 'yar ƙasarsu ba ce. Asalinta daga wajenmu ne. Ana samunta tun daga Senegal, ta bi ta Gana, Togo, Binin, Nijeriya, Kamaru da Cadi, har zuwa Uganda.

Babbar damuwar wanda ya sayi jaririyar wannan mesa ita ce, ya kawo ta gida, ya ba ta abinci, ta kau da kai. Mako ya wuce, na biyu ya wuce, ba ta taɓa kome ba. Sai hankalinsa ya tashi, ya shiga damunta safe da yamma. Ta haka kuwa 'yan mesoshi da yawa suke ramewa har su mutu a hannun masu ƙaunarsu. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, galibi ba rashin yunwa yake hana ta ci ba. Tsoro ne da sanyi. Wanda ya gyara mata wurin zama, ya kuma ba ta lokaci, ya riga ya yi rabin aikin.

Wace irin mesa ce?

Masana suna kiranta Python regius, kuma wani Bature ɗan Ingila, George Shaw, shi ne ya fara bayaninta a kimiyyance a shekara ta 1802. Mutanen Ingila sukan ce da ita mesar sarauta. Amurkawa kuwa suna kwatanta ta da ƙwallo, domin in ta firgita takan dunƙule jikinta, ta cusa kanta a tsakiya, ta yi shiru. Mu a nan bari mu kira ta mesa mai dunƙulewa. Ba ta da dafi. Babbarta ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Jikinta baƙi-baƙi ne da zane ruwan ƙasa mai haske.

Lalle ne a bambanta ta da babbar mesa, wadda masana suke kira Python sebae. Ita wannan takan wuce mita 4, tana haɗiye akuya, kuma ba dabbar gida ba ce ko kaɗan. A shekara ta 2013, a garin Campbellton na ƙasar Kanada, irin wannan babbar mesa ta fita daga inda aka ajiye ta, ta kashe yara biyu suna barci. Har wa yau, wanda bai ƙware ba yana iya ganin 'yar kasa ya ɗauka 'yar mesa ce, tun da dukansu biyu gajeru ne masu kauri. Saboda haka kada wani yaro ya karanta wannan shafi ya tafi daji yana ɗaga duwatsu. Macijin da ba ka sani ba, kada ka sa masa hannu.

Uwar mesa mai dunƙulewa takan saka ƙwai 3 zuwa 11 a cikin rami, ta nannaɗe su da jikinta har wajen wata biyu kafin su ƙyanƙyashe. Jaririyar takan fito da tsawon santimita 25 zuwa 40, nauyinta kuwa tsakanin giram 50 da 100. Tana fitowa da sauran gwaiduwa a cikinta, wadda za ta riƙe ta. Don haka ba ta neman abinci sai ta yi saɓarta ta fari, watau bayan mako ɗaya ko biyu. Wanda ya miƙa wa mesa 'yar kwana uku ɓera, ɓata lokacinsa yake yi.

Me ya sa tsoro yake hana ta ci?

A daji, wannan mesa tana wuni a cikin ramin ɓera ko tsohon suri, inda akwai duhu da ɗumi da laima. Sai rana ta faɗi take fitowa, sau da yawa ma bakin ramin kawai take kwantawa tana jiran abin da zai gitta. Tun da ba ta tauna, sai ta nannaɗe ɓeran ta matse shi, sa'an nan ta haɗiye shi ɗungum, ta wajen kai. Sa'ad da take haɗiya, bakinta a cike yake, ba ta iya kāre kanta. Bayan ta haɗiye kuma jikinta ya yi nauyi, ba ta iya gudu. Ashe ke nan cin abinci kasada ce a gare ta. Ba za ta yi wannan kasada ba sai ta tabbata babu shaho ko wani magabci kusa. A ganinta kuwa, hannunka da ke sauko mata daga sama, da ƙafar shaho, duk ɗaya ne.

Na biyu shi ne sanyi. Jikin maciji ba ya yin ɗumin kansa kamar namu. Daga wurin da yake kwance yake samun zafi. In babu isasshen ɗumi, cikinsa ba ya narkar da abinci, sai abincin ya ruɓe a ciki. Mesar da take jin sanyi ta ƙi ci, ba taurin kai ta yi ba, ranta ta tsirar.

Tambayi mai sayarwa tukuna

Aikin ciyarwa yana farawa tun kafin a biya kuɗi. Akwai 'yan mesoshi iri biyu a kasuwa. Akwai waɗanda aka haifa a hannun masu kiwo, iyayensu ma a keji suka girma. Akwai kuma waɗanda aka haƙo ƙwansu ko uwarsu mai ciki daga daji, aka ƙyanƙyashe su a gonakin macizai, aka tura ƙasashen waje. Gana da Togo da Binin su ne kan gaba a wannan ciniki. Na farkon sun fi saurin karɓar abinci. Na biyun sukan iso a gajiye, da ƙishirwa, wani lokaci da kaska da tsutsar ciki, wasu ma ba su taɓa cin kome ba tun da suka zo duniya.

Saboda haka mai saye ya tambaya: Yaushe aka ƙyanƙyashe ta? Sau nawa ta ci? Yaushe ta ci na ƙarshe? Wane irin ɓera aka saba ba ta, mai rai ko matacce? Mai kiwo na kirki yana da waɗannan a rubuce, kuma ba ya sayar da jaririyar da ba ta ci sau uku ko huɗu a jere ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ta saba ci a can, shi za ka fara ba ta a nan. Sauyin abinci sai daga baya.

A tuna kuma, cinikin mesa tsakanin ƙasa da ƙasa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washinton a shekara ta 1973. Ba a ƙetare iyaka da ita sai da takardar izini. Yawan kamunta ya sa tana raguwa a wasu wurare, manomi kuwa shi ne mai hasara, gama ita ce take rage masa ɓerayen da ke cin hatsi.

Gyara mata gida

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa 'yar ƙaramar mesa cikin ƙaton akwatin gilashi, fili fetal, a tsakiyar falo inda kowa yake wucewa. Mu muna ganin mun kyauta mata, ita kuwa ji take yi an ajiye ta a bainar jama'a. Ƙaramin akwatin roba mai murfi da ke kulluwa sosai, wanda aka huda wa 'yan ramukan shan iska, ya fi mata. In na gilashi ne kake da shi, rufe gefe uku da takarda mai duhu, ka cika cikinsa da ganyen roba da 'yan rassa.

Sa mata maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe. Rabin ƙaramar ƙwarya ko kaskon da aka kife, aka yi masa ƙofa guda, ya isa. Kada maɓoyar ta yi faɗi. So take ta ji bango yana taɓa jikinta ta kowane gefe, kamar a rami. A shimfiɗa mata takarda a ƙasa a makonnin farko, domin a ga kashinta da kowane ƙwaro da ya faɗo daga jikinta. A sa ruwa mai tsabta a kwano mai nauyi wanda ba za ta kifar ba.

Gefe ɗaya na akwatin ya zama mai ɗumi, wajen digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin santigired. Ɗaya gefen ya zama digiri 25 zuwa 27, domin ta zaɓi inda take so. Kada ka gwada da tafin hannu, hannu yana ruɗi. Sayi ma'aunin zafi ka ajiye a daidai inda take kwanciya. Kowane abin ɗumama wuri na lantarki, a haɗa shi da na'urar da ke daidaita zafi, gama mesa takan kwanta a kan abu mai zafi har cikinta ya ƙone ba ta matsa ba. Laimar iska kuma kada ta gaza kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari, a ƙara ta lokacin saɓa. Wanda yake riƙe da ita a ƙasarmu, a makaranta ko a gidan namun daji, ya lura da abu biyu: sanyi da bushewar hunturu, musamman a tudu irin na Jos, da kuma zafin bazara. Akwatin da aka bari a rana yakan kashe ta cikin ɗan lokaci.

Mako guda na shiru

In an gama wannan, sa ta ciki ka rabu da ita kwana 7. Kada a ɗauke ta, kada a ɗaga maɓoyarta don nuna wa baƙi, kada yara su ƙwanƙwasa akwatin. Sauya ruwa kawai, ka duba ma'aunin zafi. Wannan shi ne abu mafi wuya ga yara, don haka iyaye su zauna da su su bayyana musu dalili. Ka'idar masu kiwo ita ce, ba a wasa da sabuwar mesa sai ta ci sau biyu ko uku a jere.

Alamar da za ta nuna maka ta fara sakewa ita ce, da dare ka ga ta leƙo da kai daga ƙofar maɓoya, wuyanta a lanƙwashe, tana fitar da harshe a hankali. Wannan kwanton farauta ne. Amma in tana ta zagaya akwatin da rana tana goga hanci a murfi, hanyar gudu take nema, akwai abin da bai yi daidai ba a gidan.

Yadda ake miƙa abincin

Masu kiwo a Turai da Amurka suna sayen ɓerayen da aka yi kiwonsu musamman, aka kashe, aka daskarar a firij. Girman ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikin mesar. In da sikeli, ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Watau mesa mai giram 80 tana bukatar ɓera mai giram 8 zuwa 12. Wanda ya yi girma yakan tsorata ta. Wanda ya yi ƙanƙanta ainun kuma, marar gashi, sau da yawa ba ta kula da shi.

A bar ɓeran ya narke sarai, a matsa cikinsa a ji babu sauran ƙanƙara. Sa'an nan a sa shi a leda, a tsoma cikin ruwa mai ɗumi har jikinsa ya kai wajen digiri 37 zuwa 40, kamar na mai rai. Kada a dafa shi. Ga dalilin ɗumin: a leɓen mesa na sama akwai jerin 'yan ramuka waɗanda suke jin zafin jikin dabba ko a cikin baƙin duhu. Harshenta kuma yana ɗebo ƙanshi daga iska ya kai wa wata gaɓa a dasashinta na sama. Ɓera mai sanyi, a wurinta, kusan dutse ne. In hannunka ya fi ɓeran ɗumi kuwa, hannun za ta kai wa sara. Shi ya sa ake riƙe shi da dogon hantsaki.

Jira sai bayan magariba, ka rage haske. Buɗe murfin a hankali. Riƙe ɓeran ta bayansa, kansa yana fuskantar ƙofar maɓoya, tazarar kamar tafin hannu. Motsa shi kaɗan kaɗan a ƙasa, kamar yana kiwo. Kada ka buga mata shi a fuska, kada ka bi ta da shi. In ta cafke ta nannaɗe, ja shi kaɗan sau ɗaya ko biyu domin ta ƙara matsewa, sa'an nan ka saki, ka rufe, ka fita daga ɗakin. Leƙe yakan sa ta saki abin da ta kama.

In minti goma sun wuce ba ta kama ba, ajiye ɓeran a bakin maɓoya, ka lulluɓe akwatin da zane, ka tafi ka kwanta. Da yawa daga cikinsu sai tsakar dare suke ci, sa'ad da gida ya yi tsit. In gari ya waye yana nan, ɗauke shi ka zubar. Kada ka mai da shi firij.

In ta ƙi kuma fa?

Kada ka sake gwadawa washegari. Jira kwana 5 zuwa 7. Miƙa abinci kullum yana koya mata ƙinsa ne kawai. Cikin kwanakin nan sake duba zafi da maɓoya. Dubi idonta kuma. In ya yi shuɗi-shuɗi kamar hazo, fatarta ta dushe, saɓa za ta yi, yawancinsu kuwa ba sa ci sai sun gama.

A gwaji na gaba sauya abu ɗaya tak, domin ka san abin da ya yi aiki. Kana iya sauya irin ɓeran, ko launinsa, ko ka rage girmansa. Kana iya ƙara wa kansa ɗumi. Kana iya ajiye shi kusa da akwatin yana narkewa, ƙanshin ya riga shi isa. Wasu sukan ɗan tsaga kan mataccen ɓeran domin ƙanshi ya fito. Wasu sukan sa mesar da ɓeran cikin ƙaramin kwano mai murfi da ramukan iska, su bar su cikin akwatin har safe. Ɓera mai rai shi ne dabara ta ƙarshe, kuma ba a barinsa da ita ba mai tsaro ko na ɗan lokaci. Mesar da ba ta son ci ba ta kāre kanta, sai ta dunƙule, ɓeran ya yi ta gaigayar bayanta.

A nan akwai gargaɗi na musamman ga mutanenmu. Kada a kama ɓeran gida ko na rumbu a ba ta. Mai yiwuwa ya ci guba. Banda haka, ɓeran nan mai nonna da yawa, wanda yake cikin abincinta a daji, shi ne yake ɗauke da zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganewa a shekara ta 1969 a garin Lasa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Gaskiya ne masu kiwo a ƙasashen waje suna ba mesa mai ƙin ci irin wannan ɓera, amma nasu a keji aka haife shi, kaka da kakanni. Bai kamata mutum ya jawo wa iyalinsa cuta saboda cikin maciji ba. Wanda ba shi da hanyar samun ɓera mai tsabta a kai a kai, kada ya ɗauki mesa tun farko.

Yaushe za a nemi likita?

Babbar mesa mai ƙoshin lafiya tana iya yin watanni ba ta ci ba, ba abin da zai same ta. Jaririya ba ta da wannan ajiya. Don haka a auna ta a sikelin giram ranar da ta zo, a kuma riƙa aunawa jefi-jefi, a rubuta a littafi tare da ranar kowane gwaji. In ta rasa kashi 10 cikin ɗari na nauyinta, ko ta yi wata guda zuwa mako shida ba ta ci ba ko da yake an gyara kome, sai a kai ta wurin likitan dabbobi wanda ya san macizai.

Akwai alamun da ba a jira da su: ƙashin baya ya fito kamar tsinin jinka, fata ta yi yaushi, numfashi da ƙara ko da baki buɗe, majina a hanci, kumburi ko ruɓa a baki, ko 'yan ƙwari baƙaƙe kamar ƙuma a kewayen ido da cikin kwanon ruwa. Ɗura abinci da ƙarfi aikin gwani ne. Wanda bai iya ba yakan karya mata haƙora, ya ji mata ciwo a maƙogwaro, ya kuma ƙara mata tsoron da ya hana ta ci da fari.

Bayan ta ci

Ranar da ka ga kumburi a tsakiyar jikinta, ka yi murna, amma daga nesa. Kada a taɓa ta har kwana biyu, in ba haka ba sai ta amayar. In ta yi amai, bar ta mako biyu cikinta ya huta, ka duba zafin akwatin, sa'an nan ka ba ta ƙaramin ɓera. In kome ya tafi daidai, a ci gaba da ba ta sau ɗaya cikin kwana 5 zuwa 7. Da ta girma sai a riƙa ƙara tazara.

Tsabta kuma wajibi ce. Macizai da ƙadangaru sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela ba tare da sun nuna ciwo ba, ita kuwa tana sa mutum zawo da zazzaɓi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa mesar, ko akwatinta, ko ɓeranta. Kada a wanke kwanonta inda ake wanke kwanukan abinci, kada a narkar da ɓera a tukunyar gida. Yaran da ba su kai shekara 5 ba, kada su taɓa ta.

Daga ƙarshe, duk wanda yaronsa ya matsa masa a sayo wannan dabba, ya yi lissafi tukuna. Takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula da ita. A shekara ta 2020, wata a gidan namun daji na birnin St. Louis a Amurka ta saka ƙwai bakwai tana da shekara wajen 62. Yaron da ya roƙa yau zai gama makaranta, ya yi aure, mesar tana nan tana jiran ɓeranta. In iyali sun ga za su iya, to, darasin farko da za ta koya musu shi ne haƙuri: wuri mai ɗumi, maɓoya matsattsiya, mako guda na shiru, sa'an nan abinci. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.